Burtalin Bulama Garzali

Ajimi ne ya fara miƙewa ranar da aka zaɓi bulaman Gwange. Kowa ya san wannan, shi ma bai taɓa bari an manta ba.

Saura shekara biyu ke nan Turawa su soma yaƙinsu na biyu. A lokacin Gwange ba wata unguwa ba ce, bukkoki ne da zana a hayin kogin Ngadda, fili ne da aka yanka wa mutanen da ciwon bushiya ya cinye wa shanu, suka bar daji suka shigo birnin Yerwa neman abinci. Yawancinsu dillanci suke yi a kasuwar shanu, don ba su san wata sana'a ba sai duba haƙorin sa da taɓa tozonsa. A farkon ranin nan aka ba su filin, kafin wata uku gidaje sun haura sittin. Lawan, mai riƙe da yankin, ya aiko ya ce shi ba zai riƙa sauraron mutum sittin ɗaya bayan ɗaya ba, su fitar da guda a cikinsu ya zama bulama, mai unguwarsu. Babu takarda, babu akwati. Bayan la'asar magidanta suka zauna gindin tsamiya, mutum biyu suka tsaya a gaba, aka ce kowa ya je bayan wanda yake so.

Ɗayan Ba'ana ne, dattijo mai babbar riga, haifaffen gari, wanda ya san yadda ake gaisuwa a ƙofar manya. Ɗayan kuwa Garzali, dogo, ramamme, mai ɗingishi da ƙafar hagu, irin mutumin da in ka gaishe shi sau uku sai ya tambaye ka abin da ya faru. Ruga ɗaya suka tashi da Ajimi, sun yi kiwo tare, sun sha duka tare. Mutane na ta kallon juna, kowa na jiran wani ya fara, sai Ajimi ya kakkaɓe rigarsa ya je ya tsaya bayan Garzali. Daga nan aka yi ta tashi. Da aka gama, layin Garzali ya wuce inuwar tsamiya ya shiga rana.

Aka ce sabon bulama ya yi magana. Garzali ya ce, "Na ji, na gode. Hanya zan fara fitarwa kafin ku cike wurin nan da gini. In an gama, rijiya, nesa da turken shanu. Mahauta kuma su koma gangare, mun gaji da ƙuda. Wanda ya ga ba zai iya ba, ga Ba'ana nan, bai yi nisa ba."

Aka yi dariya, har Ba'ana. Dariyar Ajimi ta fi ta kowa ƙarfi, don bai san a kansa za a fara ba.

Shi Ajimi abin da ke gabansa daban ne. Mahaifiyarsa, Iya Saude, ta ƙi barin daji. Tana tare da ƙanenta Gambo, wanda ciwon ya bar wa shanu talatin da 'yan kai. Da rani suna sauka kusa da kogi, hadari na fara haɗuwa su ɗaure kaya su yi arewa. Bara a hanyar nan ta faɗo daga kan takarkari, ta yi wata biyu ba ta taka ƙasa ba. Ajimi ya san in ta sake tafiya bana, a hanya za a binne ta, sai dai a aiko masa da labari. Ya roƙe ta har ya gaji. Daga ƙarshe ta ce, "In na ga ɗaki da rufinsa kafin Gambo ya ɗaure kaya, na zauna. In ban gani ba, kada ka tsaya mini gaban takarkari."

Ita ta faɗa ne don ta san shi, shekara uku yana raɓe a unguwar Abbaganaram cikin gari bai taɓa ɗora tubali kan tubali ba. Shi kuwa ya riƙe maganar. Ya zagaya filin Gwange ya zaɓi wurin da ya fi kowane kyau a idonsa, shimfiɗaɗɗe, ƙasa ta daddale kamar an yi daɓe, ba kututture ba ƙaya. Laka ma a nan take, ba sai ya je nesa ba. Ya haƙa, ya kwaɓa, ya buga tubali da hannunsa. Ranar da aka zaɓi Garzali bango ya kai masa ƙirji.

Kwana huɗu da zaɓe, da hantsi, yana kan bango sai ya ji ƙasa na motsi. Ya ɗaga kai ya ga shanun kawunsa Gambo suna gangarowa daga sama, ba kowa a gabansu, ba mai kora a bayansu. Wata tsohuwar saniya mai karyayyen ƙaho ce ta ja gaba. Suka zo kai tsaye kan ɗakin, suka yi cirko-cirko, sannan suka rabu biyu suka kewaye shi kamar ruwa ya samu dutse, suka sake haɗewa suka nufi kogi. Can baya sai ga Garzali yana ɗingishi, rungume da turaku. Duk inda sawun saniyar da ta fi fita gefe ya tsaya, sai ya ƙara taku uku ya kafa turke, dama da hagu. Mutane na biye da shi suna kallo.

Gida biyar suka faɗa tsakanin turakun. Huɗu bukka ne da zana, abin da za a tuge a yini ɗaya. Na biyar ɗakin Iya Saude.

Ajimi ya sauko, laka har gwiwar hannu. Bai taɓa kiran Garzali da wani suna ba sai nasa, amma ran nan ya yi masa gaisuwar manya da Kanuri, ya ce, "Ba Bulama, wushe. Ina jin turkenka ya ɓata hanya."

"Bai ɓata ba. Ɗakinka ne ya ɓata."

"Yanzu shanu ne za su gaya mana inda za mu kwana?"

"Da can wa ke gaya mana?"

Garzali ya miƙa hannu ya zare tubali guda daga saman bango, ya buga shi a gwiwarsa ya rabe biyu. Ya nuna wa Ajimi cikin. Ƙananan ɓawon katantanwa ne farare, birjik a cikin lakar.

"A ina ka haƙa wannan?"

"A nan mana."

"Katantanwa a tudu take zama? Ajimi, ka taɓa ganin wurin nan da damina?"

To, a nan ne maganar take. Duk mutanen nan sun san bakin kogin nan tun suna yara, sun san kowace bishiya. Amma da rani suka san shi. Kakanninsu ma haka. Ruwan farko na sauka sun yi arewa, ba sa dawowa sai ƙasa ta bushe ta tsage. Waɗanda suka zauna cikin gari kuma, in kogi ya cika ba abin da zai kai su hayi. Magidanci sittin, ba wanda ya taɓa ganin filin da suke ginawa a jiƙe, in ban da mutum ɗaya.

Garzali ya dafa ƙafarsa ta hagu. "Shekarar da bijimi ya karya ni, kuka tafi kuka bar ni wurin masunci, a kan tudun can na yi damina. Ba abin da nake yi sai kallo. Inda shanu suka yi shekaru suna sauka kogi, ƙasa ta lotsa, shi ya sa ka gan ta sumul. Ruwa ma nan yake bi. Inda kake tsaye ɗin nan na ga jaki yana iyo."

Wani ya yi dariya. Ajimi ya juya ya dube shi, dariyar ta yanke.

"Ni na fara tsayawa bayanka," in ji Ajimi.

"Na gani."

"Kwana ashirin ya rage Kawu Gambo ya tashi. Wata biyu na yi ina buga tubalin nan. In na rushe, da me zan sake? Kai ka san Iya, nononta ka sha lokacin da taka uwar ba ta da lafiya."

"Na san wannan ma. Shi ya sa ba zan bari ka kwantar da ita a magudanar ruwa ba. Burtali nan zai bi, shanu su sauka da rani, ruwa ya sauka da damina. Waɗanda za su zo bayanmu su gina dama da hagu."

"In na ƙi fa?"

"Ba zan taɓa maka bango ba. Amma turke na nan."

Ya wuce yana kafa turakunsa har bakin kogi. Faɗin hanyar ya ba mutane haushi, suka ce wannan ai filin idi ne, gida goma za su shiga. Garzali ya ce shanu goma sha biyu kafaɗa da kafaɗa, da takarkari mai kaya a gefe, in ba su wuce ba to ba hanya ba ce. Masu bukkoki huɗu suka yi gunaguni suka tuge. Ajimi kuwa ya koma kan bangonsa ya ci gaba da ɗora tubali, yana yi yana buga shi da ƙarfi don a ji.

Ana cikin haka Ba'ana ya ɗauki wani aiki a kansa. Ya ce ya faɗi zaɓe, amma ba zai zauna a unguwar da bulamanta ba shi da zaure ba, abin kunya ne. Ya haɗa kan mutane tun washegarin zaɓe, aka buga tubali mai yawa, aka jibge a kan tudun nan na gefen burtali, wuri mafi kyau a Gwange. Aka sa ranar Alhamis za a yi gayya a tayar da zauren. Ajimi ya ce ko da igiya aka ja shi ba zai je ba.

Ranar Alhamis da safe yana kan bango, sai ga Garzali. Bai yi sallama ba, bai dube shi ba. Ya taka tsawon ɗakin, taku biyar, ya taka faɗinsa, taku huɗu, ya juya ya hau tudu. Tsakanin tudun da ɗakin bai fi jifa ɗaya ba, Ajimi na ganin komai, yana jin komai.

Ba'ana ya riga ya ja layin zaure a ƙasa, babba, mai ƙofa biyu. Garzali ya sa ƙafa ya share layin. Ya karɓi sanda ya ja wani, biyar da huɗu.

"Ba Bulama, wannan mene ne? Akurki?" in ji Ba'ana.

"Ɗaki ne. Na tsohuwa."

"Tubalin nan na zaurenka ne. Don shi muka buga."

"Kun ba ni ko ba ku ba ni ba?"

"Mun ba ka."

"To na ga inda zan sa shi."

Ba'ana ya gyara rigarsa, ya sassauta murya kamar mai yi wa yaro bayani. "In manzon Lawan ya zo, a ina za ka sauke shi?"

"Inda kuka zaɓe ni."

"Gindin tsamiya? Da damina fa?"

"Da damina kogi ya cika, ba zai zo ba."

Mutane suka fashe da dariya, suka kama kwaɓa. Ba'ana ya yi ta girgiza kai yana magana da Kanuri ƙasa-ƙasa, amma daga baya shi ma ya naɗe hannun riga ya tsaya yana duba miƙewar bango, don ya ce in za a yi abin kunya gara a yi shi a miƙe.

Ba wanda ya kira Ajimi. Da an kira shi, da ya samu abin ƙi. Ya zauna kan bangonsa da tubali a hannu, ya kasa ɗorawa ya kasa ajiyewa. Ya ga mutanen da ya yi faɗa da su a kasuwa kan ciniki suna ɗauke da laka a ka. Ya ga Garzali na miƙa tubali, ƙafar na ba shi wahala yana cije baki. Wajen azahar ya buga tubalin hannunsa a bango ya rabe. Katantanwa. Ya ɗauki wani daga can ƙasa ya fasa. Katantanwa. Ya sauko, ya saɓi azara biyu cikin waɗanda ya tanada don rufi, ya hau tudu da su.

Garzali ya dube shi ya ce, "Ajiye can. Saura nawa?"

"Goma sha huɗu."

"To me kake jira?"

Iyakar abin da suka ce wa juna ke nan.

Kwana goma sha ɗaya aka yi rufi, aka yi yaɓe, aka sa indararo. Gabas ta fara yin baƙi da yamma. Ajimi ya kewaye wurin da zana, ya je ruga ya ɗauko Iya Saude a kan takarkari, yana riƙe da igiya da kansa. Ta sauka, ta shiga, ta taɓa bango, ta ɗaga kai ta dubi azara. Ta ce, "Ashe kana da hannu." Ajimi ya ji kamar an sauke masa dutse daga ka.

Kwana biyu ta yi. A rana ta uku da safe ya kawo mata fura ya tarar ta ɗaure tabarmarta.

"Iya, lafiya?"

"Gobe Gambo zai tashi. Ka ce ya biyo ta nan."

"Kin ce in kin ga ɗaki da rufi."

"Na gani. Kabari ka gina mini ka sa masa ƙofa. Ba na jin komai a ciki, Ajimi. Tun da aka haife ni ban taɓa buɗe ido ban ji numfashin shanu ba. A nan in na farka sai in ɗauka na riga na mutu."

Ya yi magana, ya kawo faɗuwar bara, ya kawo mutanen da suka yi gayya. Ta ce Allah ya saka musu, ta ci gaba da ɗaure kaya.

Ajimi ya sami Garzali gindin tsamiya, suna jayayya da masu haƙar rijiya kan inda za a sa ta. Ya jira suka tashi, ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Ka yi asarar zaurenka a banza. Tafiya za ta yi." Ya gaya masa abin da ta ce.

Garzali ya murza gwiwarsa. "Ƙofar ina take kallo?"

"Cikin gida mana. Kamar ta kowa."

"Kamar ta kowa a Abbaganaram. Shekara uku kawai ka yi a can, har ka manta wace ce ta haife ka? Me ke bayan ɗakin?"

"Burtalinka."

"Na gaya wa dillalai tun shekaranjiya, duk shanun da aka ɗaure a unguwar nan, ta burtali za su riƙa sauka shan ruwa, ba ta tsakanin gidajen mutane ba. Gobe za a fara. Kana da dagi?"

Da la'asar mutanen Gwange suka ga Ajimi yana fasa bangon da suka gina masa, yaɓen ko gama bushewa bai yi ba. Ba'ana ya zo da sauri har hularsa na karkacewa. Ya ce a ina aka taɓa ganin ƙofar ɗakin mace tana kallon hanya. Garzali, wanda ke riƙe da kwando yana kwashe ƙasa, ya ce, "Matar da ta hau takarkari daga nan har bakin Chadi sau hamsin, wa ya rage bai gan ta ba?" Iya Saude na zaune a tsakar gida kan ɗaurin kayanta.

Washegari da hantsi Gambo ya iso, ya tsayar da takarkari a bakin burtali, an riga an ɗora ƙorenta da 'yan komatsanta na ruga. Ta fito ta sabuwar ƙofar, don ita ce kusa. Ajimi na tsaye, bai tsaya gaban takarkari ba, kamar yadda ta ce. Sai ƙasa ta fara motsi. Shanun dillalai suka gangaro daga sama, sun fi ɗari, ƙaho na bugun ƙaho, suka cika burtali daga turke zuwa turke. Dole aka jira su wuce. Iya Saude ta zauna a dokin ƙofa. Warinsu ya shiga ɗakin, wani maraƙi ya miƙo hanci ya shinshini ƙafarta.

Can sai ta ɗaga murya. "Kai, mai jar hula. Jar saniyar nan ta wace ce?"

Dillalin ya tsaya. "Ta wani baƙo ce, Iya. Yau mahauta za su ɗauka."

"Mahauta? Ba ka da ido? Ciki gare ta, wata uku. Dube ta ta dama."

Mutumin ya zagaya, ya taɓa, ya kama baki. Ta kira wani, ta ce bijiminsa ƙaya ce a kofato, ba ciwo ba, ya daina ba shi jiƙo. Ta ce wa na uku ko wa ya yi wa san nan dandaƙa, a hana shi taɓa dabba har abada.

Gambo ya ce, "Yaya, rana na yi."

Ba ta ko dube shi ba, idonta na kan shanu. "To ka tafi mana, wa ya riƙe ka? Sauke mini ƙoren nan tukuna. A hankali, babbar ta uwarmu ce."

Ajimi ya je ya taya shi saukewa.

Ruwa ya sauka sosai a shekarar. Wata safiya cikin tsakiyar damina burtali ya cika daga turke zuwa turke, ja wur, yana gudu zuwa kogi. Bai shiga gidan kowa ba. Ajimi da Garzali na tsaye a kan tudu suna kallo, tsohon bangon nan na tsakiyar hanya ya jiƙe, ya sunkuya, ya zauna cikin ruwa. Ajimi ba mutumin ba da haƙuri ba ne, Garzali kuma ba mai jiran a ba shi ba ne. Ajimi ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Da ka ƙara mata faɗi kaɗan."

"Ku ne kuka ce filin idi ne."

Aka haƙa rijiya a ranin da ya biyo, mahauta suka koma gangare bayan rigima mai yawa. Manzon Lawan ya yi shekara huɗu yana zama gindin tsamiya kafin Ba'ana ya samu ya gina zaurensa, a wani wuri da bai kai tudun kyau ba. Iya Saude ta ƙara damina shida a ɗakin. Kullum da hantsi tana dokin ƙofa, dillalai na rage tafiya in sun zo daidai wurin, wasu don su ji abin da za ta ce, wasu don su ɓoye dabbarsu a bayan ta wani.